Man Kaɗanya a Wuyan Mawaƙi

Tahiratu ta yi jinyar tsofaffi iri-iri tun zuwanta New York daga Kumasi, amma ba ta taɓa ganin mai yi wa bango waƙa ba sai Horen Medhi. Kullum da safe takan hau jirgin ƙasa daga Morris Heights zuwa Queens, gidan ɗansa Anup, wanda ya ɗauko tsohon daga jihar Assam ta Indiya bayan matar tsohon ta rasu. Ran farko Anup ya faɗa mata a tsaitsaye, yana ɗaure takalmi, cewa mahaifinsa mawaƙi ne kuma marubuci. Da ƙuruciyarsa ya yi ta zuba waƙoƙi da maƙaloli don a koyar da yara da harshensu na Asamiya, a yi aiki da shi a ofisoshi, har ya sha ɗauri a kai. Daga nan ya nuna mata inda magunguna suke, ya fice.

Shanyewar ɓarin jiki ta kwashe Turancin tsohon kaf, ta bar masa harshen uwarsa, wanda jikokinsa ko gaisuwa ba su iya da shi ba. Tahiratu ta san wannan ciwon, don 'yarta Nadia ma sai a yi mata Hausa ta mayar da Turanci. Shi ya sa tausayinsa ya kama ta tun ba a je ko'ina ba, take ce masa Baba.

Da la'asar, in ya sha shayi, sai ya miƙe da kyar ya dafa sandarsa, ya fuskanci bangon falo. Mutumin da cokali ke gagararsa, sai ka ji murya ta fito masa kamar ta mai kiran salla. Ya yi ta rerawa, hannunsa mai lafiya yana sama, har ya kai ƙarshe. Sannan ya sunkuyar da kai, ya miƙo wuya gaba, ya tsaya cik yana jira.

To, Tahiratu 'yar zangon Hausawan Kumasi ce, kuma a gidansu in tsoho ya miƙo wuya haka, ciwo yake yi. Ba ta yi wata-wata ba ta ciro man kaɗanya daga jakarta, ta zaunar da shi ta shiga murza masa. Ya ture hannunta, ita kuwa ba tsohon da ya taɓa fin ta taurin kai. Da ta ga hawaye na bin kumatunsa sai ta ce a ranta ta taɓo inda ke ciwon, ta ƙara dannawa. Har yabon kanta ta yi a gaban mijinta Abukari, shi kuma ya yi dariya ya ce ita dai kowa ta gani majinyaci ne. Haka aka yi ta yi har sanyi ya fita zafi ya shigo. A hankali tsohon ya daina ture ta.

Ciwon ya sake buge shi ran wata Talata, aka kai shi asibiti, wannan karon har maganar ta tafi. Anup ya roƙe ta ta taya shi haɗa masa kaya. A ƙasan akwatin tsohon akwai wasu fararen ƙyallaye masu jan saƙa a baki, jibgi guda, a ninke. Ta sha ganinsu, ta ɗauka tawul ne na adon da ake jin ƙyashin amfani da shi. Ta tambaya ko a tafi da ɗaya don goge baki.

Anup ya karɓa ya shafa. Ya ce sunansa gamosa, kuma waɗannan ba na goge-goge ba ne. A garinsu, in mawaƙi ya gama waƙarsa a gaban jama'a, yakan sunkuya, wani ya taso ya rataya masa shi a wuya, girmamawar ke nan. Ya miƙo nasa wuyan ya nuna mata yadda ake yi.

Ta zauna a bakin gado.

"Kullum yana yi," in ji ta. "Kullum yana miƙo wuya yana jira."

Anup ya dube ta. Ya ce a wannan lokacin yana wurin aiki, bai ma san tsohon yana rera waƙa har yanzu ba.

Ta zaɓi wanda ya fi kyau ta nufi asibiti, tana kuka a jirgi ba ta damu da masu kallonta ba. Ta tarar an jingina tsohon da matashi, idonsa a buɗe. Ta warware ƙyallen da hannu biyu, ta rataya masa a wuya a hankali, ta ja da baya ta rusuna.

"Baba, ka yafe mini. Ban sani ba."

Ya dubi jan saƙar da ke kan ƙirjinsa, bai gane ko mece ce ba. Ya sa hannunsa mai lafiya ya janye ƙyallen, ya bar shi ya zame ƙasa. Sannan ya laluba ya kamo hannun Tahiratu, ya ɗora a bayan wuyansa, ya sunkuyar da kai yana jira.

Ta buɗe jakarta ta ciro man kaɗanya.