Haƙorin da Ke Kiran Tattabaru

Kowa a layin ya san mai gyaran keke da fiton da yake yi wa tattabarunsa. Shekara goma sha tara da suka wuce ya sa haƙori zai kwance wani noti, don ƙyuyar tashi ya ɗauko sifana, haƙorin gaba na sama ya ɓalle ta gefe. Ta 'yar kafar nan fito ya samu, siriri mai kaifi. In ya yi shi da la'asar, tattabaru talatin ke juyowa daga duk inda suke su sauka a tsakar gidansa. Ba shi da abin taƙamar da ya wuce wannan, kuma ba ya ɓoyewa.

To, haƙorin nan ne ya ruɓe. Kwana shida yana zogi, leɓe ya kumbura suntum, shi kuwa gogan naka ya kafe cewa sanyi ne. A rana ta bakwai matarsa ta kulle akwatin kayan aikinsa, ta riƙe makullin, ta tasa shi gaba zuwa wajen likitar haƙori.

Tun a kan bencin jira ya gama ƙulla dabararsa. Wanda ke gefensa ya ba shi labarin yadda ake yi: likita na ƙwanƙwasa haƙora da ɗan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, wanda ka zabura a kansa shi ne mai laifi. Shi ke nan, in ji shi a ransa. In an taɓa na fito zai daure, in an taɓa maƙwabcinsa zai yi ƙara. A cire lafiyayyen, a bar masa nasa. Yadda ciwon zai tafi bayan haka, wallahi bai tsaya ya yi tunani ba.

Aka kwantar da shi a kujera, fitila a ka. Likitar ta ƙwanƙwasa na fiton. Wata azaba ta ratsa shi har tafin ƙafa, hawaye ya gangaro cikin kunnensa, amma ko uffan. Ta taɓa na kusa, ya saki nishi har da shure-shure.

Likitar ta ɗaga hoton haƙoran a gaban fitila, ta dube shi.

"Baba, hoto ya nuna wannan, kai ka ce wancan. Wanne ke ciwo?"

"Wancan."

"Wancan wanne? Nuna min."

Ya ɗaga yatsa. Sai dai leɓen a kumbure yake, kuma a madubin da ta miƙa masa dama ta koma hagu. Ya nuna ɗaya, ya ce a'a, ya nuna ɗayan. Ta sake ƙwanƙwasawa, wannan karon da sauri, ba a jere ba. Ya yi ƙara a inda ya yi niyyar daurewa, ya daure a inda bai san ko ina ne ba. Can ma ya fara jin kamar lafiyayyen na ciwo da gaske. Shi da ya shirya ƙaryar, shi ta fara ruɗawa.

"Ba komai, Baba, na gane," in ji likitar.

Me ta gane? Kafin ya tambaya allura ta shiga dasashi, bakin ya zama kamar na aro. Ya runtse ido. Ya ji ana girgiza, ya ji wani ƙas, ya ji abu ya faɗa cikin faranti an rufe. Ta cusa masa auduga, ta ce ya cije ta awa guda, kada ya tofa, kada ya yi magana.

A hanya ya yi ta aika harshe bincike, harshen ya dawo ba labari. Matarsa ta ce, "Wanne aka cire, baban yara?" Ya ɗaga kafaɗa. Da suka iso gida ta miƙo masa madubi, ya ture. Tsoro yake ji, tsoro sosai.

La'asar ta yi. Tattabarun na can sama suna kewayawa, wasu na jere a kan wayar lantarki. Ya fito tsakar gida, ya zare audugar, ya gyara leɓe yadda ya saba, ya hura.

Iska ce ta fito, da ɗan yawu mai jini-jini. Ya sake. Ya karkata baki hagu, ya karkata dama, ya danna harshe a giɓin. Fuu kawai kake ji, kamar tayar da ƙusa ta huda. Ko tattabara ɗaya ba ta waiwayo ba.

Matar ta gaji da kallonsa. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin hatsi, ta kaɗa shi sau biyu. Kafin ta sauke hannu tsakar gidan ta cika da fukafukai, duka talatin ɗin, har da mai jan wuyan nan da yake cewa ba ta jin kiran kowa sai nasa.

Ya tsaya da auduga a hannu yana kallonta.

"Tun yaushe suke zuwa miki haka?" ya tambaya, maganar na fita a karkace.

Ba ta ɗago ba, tana watsa hatsi. "Ai kullum kana fito ina bayanka da gwangwanin nan. Na ɗauka ka sani."