Ƙarfe Biyu a Firiza

Mijina Lefteris ya bar mini wasiyya guda ɗaya a asibitin Iraklio. Ya ce karanshaf ɗinsa, ƙarfen da ke juyawa a cikin injin babur, yana cikin firiza, in sa masa a akwatin gawa. Ban yi mamaki ba. Shekara ashirin da shida ina zaune da mutumin da yake daskarar da ƙarfe kusa da naman rago, yana gasa kwanon inji a tandata, wai don su shige juna ba sai an buga ba.

Da na buɗe firizar sai na tarar da guda biyu, kowanne a naɗe da jarida.

Gida cike da masu kuka, ba wanda zan tambaya. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, na ƙwanƙwasa su da cokali kamar mai zaɓen kankana. Wanda ya fi daɗin ƙara na tura masa ƙarƙashin hannu.

Bayan kwana uku ƙaninsa Sifis ya zo neman ƙarfen, zai ɗaura a ƙaramin babur ɗinsu na tsere. Da ya ga saura ɗaya sai ya zauna a ƙasa. Ya ce ɗaya mai gajeren taku ne, ɗaya mai dogo, kuma yayansa ya sha faɗa cewa ɗaya zai juya sau dubu goma sha huɗu a minti bai girgiza ba, ɗayan zai tarwatse. Amma bai taɓa faɗin wanne ne ba, don kada Sifis ya kai labari shagon shayi.

"Matar yaya, wanne kika binne?"

"Mai daɗin ƙara."

"Ke da ko tukunyarki ba ki san ƙararta ba sai ta ƙone?"

Ya je wurin Fada Nikiforos ya roƙi a buɗe kabarin minti biyar kawai, ya auna. Fada ya ce ya jira shekara uku a tono ƙasusuwa kamar na kowa, kuma ya cire abin awon da ya zo da shi daga kan teburin coci.

Ni kuwa abinci ya daina shiga. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙe ni. In na tura shi da marar kyau, me zan ce masa?

Sifis ya ɗaura wanda ya rage. Tseren ya faɗo ranar arba'in ɗin mijina. Daga coci muka wuce tsohon filin jirgi inda ake tseren, ina rungume da tiren dafaffiyar alkamar sadaka. A hanya na yi lissafina. In babur ya ci, to mai kyan na bari a firiza. Saboda haka da Sifis ya tsaya a layi, mutanen ƙauyenmu suna ta kiran sunan Lefteris, ni na durƙusa cikin baƙaƙen kayana ina roƙon Allah ya fasa injin nan, ya bar mini ƙanin miji da ƙafafunsa.

Fitilar fara tsere ta kunna. Babur ya yi ƙara kamar sauro ya shiga kunne, ya wuce na gefensa. Na ƙara ƙaimin addu'a. Bai kai rabin hanya ba sai muka ji tas, hayaƙi ya tashi, wani guntun ƙarfe ya fasa tulun barasar mai sayar da tsire.

Sifis ya turo babur ɗin da ƙafa, fuskarsa duk baƙin mai.

"Kin binne mai kyan, matar yaya. Allah ya isa."

Na sumbace shi a goshi. Ranar na fara kukan mijina yadda ya kamata, ina yi ina dariya, mata suna ƙus-ƙus cewa takaba ta taɓa mini kai.

Sai wani tsoho da ke jingine da shinge ya ce ai na Lefteris duk haka suke, shi bai taɓa ganin injinsa ya kai ƙarshen layi ba, ko wancan na kabarin aka ɗaura haka za a ji.

Na cika cokali da alkama na tura masa a baki, na ce ya ci ya yi wa mamaci addu'a.