Boksin Baba Ta San Gidan Habboba

Huda ƙanwata, zauna ki ji, na kai ɗiyata Samira wurin kakarmu Habboba. Kuma a boksin Baba munka tafi, motarsa ta ɗaukar kaya, wadda ke kwance ƙarƙashin dalbejiya tun rasuwarsa.

Kin tuna muna yara a baya bisa buhunan dawa? In munka kusa mararrabar Rusairis sai Baba ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu, motar ta karkata hagu da kanta. Ya ce, "Kun gani? Ta san gidan kakarku." Mu ko mu yi ta ihu muna tsalle da ita.

To, tunda na haihu Habboba ke aike a kawo mata jaririya, idonta ya fara dushewa. Mijina Bilyamin ya tada motar, ya zaga gari, ya dawo yana share gumi.

"Ummu Samira, ban sa ɗiyata cikin wannan ba. Ja take hagu kamar jaki ya ga dawa."

Na ba shi labarin wasan Baba, na ce, "Hanya ta sani."

"Rami ta sani."

Ya kai motar gareji a garin Sinja. Ashe tayoyin gaba ba iri ɗaya ba ne, guda ta cinye ta ciki har waya ta fito. Ƙafafun sun goce, tsallen nan da muke so kuma shokozoba ne ya mutu. Anka canza, anka daidaita mata ƙafafu.

Munka kama hanya. Wallahi tafiya lumui, ko gadar ruwa munka hau Samira ba ta motsa ba. Ni ko zuciyata ba daɗi, kamar motar wasu na shiga. Ina ta kallon kujerar Baba.

Da munka kusa mararraba sai Bilyamin ya rage gudu ƙwarai, ya duba gaba da baya, ba kowa. Ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu. Motar ta karkata hagu a hankali.

Ya ce, "Samira, kin gani? Ta san gidan kakarku."

Huda, na ga gwiwarsa tana tura sitiyarin daga ƙasa. Na dai gyara mayafi na goge ido.

Habboba tana bakin zaure. Tun ba mu tsaya ba ta ce ta ji ƙarar motar ɗanta. Ta miƙo hannu, "Kawo ta nan kusa in gani."