Takalmin Birkha a Kogin Trishuli

Da ƙanƙara ta rufe hanyoyin kan duwatsu, aikin dako ya tsaya, Birkha ya sauko gida. Ƙanin matarsa, Sukman, wanda ke tuƙa baƙi a kwalekwalen roba a kogin Trishuli, ya ce ya zo ya gwada, ko ya huta da ɗaukar kayan mutane da maɗauri a goshi. Da sanyi ake koya wa sababbi, lokacin da ruwa ya ja baya, baƙi suka yi ƙaranci.

Da safe suka taru a bakin yashi, kowa na hura hannuwansa. Sukman ya ba shi rigar ceto da hular kwano, ya dubi jibgegen takalmin hawan dutsen da ke ƙafarsa, ya jefo masa sandal.

"Bena," ya ce, don haka suke kiran mijin yaya, "cire wannan kofaton naka."

"A wannan sanyin? So kake yatsuna su zube? Takalmin nan ya kai ni inda kai ko a mafarki ba ka je ba."

Maili, wadda ta daɗe tana aiki da Sukman, ta yi dariya. Birkha ya sunkuya ya ƙara ɗaure igiyar takalminsa, ƙulli a kan ƙulli, yadda yake yi in zai shiga ƙanƙara.

"To, ka ji abu ɗaya," in ji Sukman. "In ka faɗa, kada ka miƙe tsaye. Kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ka bar ruwa ya tafi da kai. Za mu tsince ka."

Birkha ya ce to. Sai dai shi tun tasowarsa, in ya zo rafi da kaya a baya, abin da ya sani shi ne ya kafa ƙafa ya tsaya daram.

Da farko tafiyar da daɗi. Ruwan kore ne garau, ana hango duwatsun ƙasa. Da suka shiga gangare kwalekwalen ya bugi dutse, Birkha bai san lokacin da ya saki filafilin tuƙinsa ya faɗa ruwa ba. Sanyin ya ɗauke masa numfashi. Ya ji ƙasa kusa, ƙafarsa ta yi abin da ta saba, ya miƙe.

Takalmin dama ya shige tsakanin duwatsu biyu, ya zauna.

Ruwan bai wuce ƙugunsa ba, amma ya danno shi ta baya kamar an ɗora masa kayan mutum uku. Ya ja ƙafar, ko motsi. Ya sake ja, ruwa ya kifa shi, ya sha, ya ɗago da ƙyar. Can ƙasa ya hango kwalekwalen yana ƙara nisa. Ya yi kira, shi kansa bai ji muryarsa ba saboda rugugi.

Haka ya tsaya a sunkuye, yana ɗago haɓa ya shaƙi iska, ruwa na mayar da shi. Ga titi can sama, motoci na wucewa abinsu. Ga wata mata a tsallake tana shanya kaya, ba ta ko waiwayo ba. Gwiwarsa ta daina ciwo, wannan ya fi ba shi tsoro.

Sai ya ga Maili tana tahowa ta gaɓar hagu, Sukman ta dama, igiya miƙe a tsakaninsu a kan ruwa. Suka jawo ta har ta tokare ƙirjinsa. Ya rataya hammatarsa a kai, kansa ya fito.

"Bena! Wuƙa tana aljihun rigarka! Yanke igiyar takalmin!"

"Ku ja ni mana!"

"In muka ja, ƙafar za ta karye! Yanke, kai mai taurin kai!"

Yatsunsa sun zama kamar itace. Ya zaro wuƙar da hannu biyu. Hannunsa ba zai kai takalmin ba sai ya saki igiyar da ke riƙe da shi, ya nutsa kansa. Ya dubi Sukman, ya ga ba sauran tsokana a fuskarsa.

Ya ja numfashi, ya saki. A ƙasa ba ya ganin komai sai kumfa. Ya lalubo ƙullin nan nasa, ya sa wuƙa a ƙarƙashi, ya yi ta gurzawa har ƙirjinsa ya fara zafi. Igiyar ta tsinke, ƙafar ta zame daga ita sai safa.

Ruwa ya kwashe shi. Ƙafarsa ta sake neman ƙasa, ya janye ta, ya kwanta rigingine yana kallon sama har Maili ta cafko wuyan rigarsa a inda ruwa ya kwanta.

Suka hura wuta da itacen da kogi ya watso, aka ba shi shayi mai madara, rabi na zubewa.

"Da me zan je in gaya wa yayata?" in ji Sukman. "In ce mijinki ya bi takalmi?"

Birkha ya so ya yi dariya, kaɗawar haƙoransa don sanyi ta hana shi. Ya miƙa hannu ga takalmin hagu, yatsun suka kasa kama ƙullin. Sukman ya durƙusa a yashi, ya gwada da farce, ƙullin ya jiƙe ya ƙi. Sai ya sunkuya ya kama shi da haƙori.