Kuskure na Shida

Ranar Talata, a darasin ƙarfe goma, wata ɗaliba ta samo kuskure na shida.

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da gwajin manhaja, hanyata kuma ɗaya ce. Nakan ɗauko manhaja mai aiki, in dasa mata kurakurai biyar da hannuna, in ce wa ɗalibai su tono su. Yawancinsu uku suke samu, su cike sauran da addu'a. Bana na ba su wadda na rubuta wa asibitin unguwarmu shekara shida da suka wuce, mai tura wa marasa lafiya saƙon waya cewa likita na neman su ranar kaza.

Ɗalibar mai zama kusa da taga ce. Ta miƙe.

"Malam, shida na samu."

"Biyar na saka. Ko ƙirgar ma sai na koya miki?"

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, ta haɗa da nata ne."

Ba ta zauna ba. "A ba ni izini in nuna."

Ta haska aikinta a allo. Layi na ɗari biyu da sha huɗu: inda ya kamata a rubuta "ƙasa da ko daidai da", an rubuta "ƙasa da". Ta saka ashirin ga wata, saƙo ya fita. Ta saka ranar ƙarshen wata, ba abin da ya fita.

"Duk wanda ranarsa ta faɗo ƙarshen wata tsallake shi take yi, Malam. Kuma ba ta nuna an samu matsala."

Gwada bakin iyaka, wato ranar farko da ta ƙarshe. A mako na biyu nake koyar da shi, har da tsawa.

Na buɗe asalin manhajar, wadda ban dasa wa komai ba, ina fatan hannuna ne ya zame jiya. Layin yana nan yadda ta nuna.

"Malam, har yanzu da ita asibitin ke aiki?"

"Da ita."

Babu wanda ya sake dariya. Na sallame su, na kira asibitin. Gyaran bai ci minti huɗu ba.

Shekarun baya, a wannan asibitin maiɗakina ta yi gwajin wani kumburi a ƙirjinta, aka ce ta jira saƙo. Wata biyar tana jira. Da ciwon ya mayar da mu, likita ya juyo mana da kwamfutarsa: talatin da ɗaya ga Maris suka neme ta. A mota na ce mata manhajata ba ta mantuwa, ita ce dai ta goge saƙon garin share hotunan biki. Ta daɗe tana duba wayarta, sannan ta ce, "Wataƙila haka ne, Malam. Ka yi haƙuri."

Haƙuri ta ba ni. Ba ta ga Maris na gaba ba.

Ba ki goge komai ba. Saƙon ne bai zo ba.