Kunne Ɗaya Na Mutane

"Munzali, wannan abin bai dace da Iya ba," na ce masa, ina juya ƴar farar batta a tafin hannuna. A ciki akwai wasu ƙananan abubuwa biyu masu girman ƙwayar gyaɗa, wai iyafis ne marar waya, abin sawa a kunne don sauraro.

Ya yi dariyar da mutanen Abuja ke yi wa na gida. "Anti Hadijatu, ba ki san shi ba ne. Da ta sa shi, duk wata hayaniya ta mutu. Ko injin niƙa ba za ta ji ba."

"To ai shi ne abin da nake tsoro."

Iya Rauda, mahaifiyarsa, tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu, nan unguwarmu ta bayan Kusugu. Ciwon suga ya cinye mata idanu shekara huɗu ke nan, rediyo ce ta zama abokiyar hirarta. Tana da tsohon iyafis mai waya, wanda da kanta ta sa na datse masa kunne ɗaya da almakashi. Cewa take, "Kunne ɗaya na rediyo, kunne ɗaya na mutane." Ko ɗan akuya ya shigo gidan sai ta san da shigowarsa. Wayar ce ta tsinke, shi ne ta aika wa ɗanta ya taho mata da irinsa.

"Ni mai igiyar nan nake so, ɗan nan," in ji Iya a hankali.

"Haba Iya, a ce uwata tana sa wannan tarkacen? Mutane su ce me?"

Nan take na gane cewa bakin mutane ya je ya saya wa magani, kunnen uwarsa kuwa ko oho. Ya cika sabuwar wayar hannun da ya kawo mata da karatun Alƙur'ani, ya toshe mata kunnuwa biyu, ya ja ɗankwalinta ya rufe su, ya ɗauki hoto. Washegari ya koma Abuja, ya bar matarsa Nana da jinya.

Iya ta yi ƙoƙarin komawa ga tsarinta. Ta ciro guda ɗaya, sai karatun ya tsaya cak, haka aka ƙera abin. Garin lalube kuma ya suɓuce ya faɗa cikin yashin tsakar gida, muka kwashe rabin yini muna tankaɗe ƙasa da rariya. Nana ta yi ta mita a kan tsadarsa. Daga ranar Iya ba ta ƙara taɓa shi ba. Da safe Nana ta sa mata, lokacin salla ta cire mata.

Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne. Iya tana da ƙane ɗaya tal a duniya, Mati, mai fataucin dabbobi a Mashi. Shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji da juna, tun da rabon gonar gado ya kai su gaban alƙali. Da jikinta ya fara tsananta, ta kira ni ta ce, "Hadijatu, ki ce wa maigidanki ya aika wa Mati. Ba na so in kwanta a kabari da gabarsa a wuyana." An aika. Kullum kuwa sai ta tambaye ni, "Bai zo ba?"

Ranar wata Talata da hantsi na tafi barkar haihuwa, Nana ta tafi Islamiyya. Da na dawo na leƙa gidan, sai na ga ƙwaryar man shanu a ajiye, taku uku daga tabarmar Iya. Ita kuwa tana zaune, idanunta a buɗe suna fuskantar ƙofa, tana jan carbi tana murmushi.

Na fita na tambayi Maliki mai shagon ƙofar gida ko wa ya kawo ta.

"Wani dattijo ne a kan babur," in ji shi. "Ina jin sallamarsa daga nan. Sau uku ya yi, yana ƙara ɗaga murya, har da 'Yaya, ni ne Mati.' Can sai ga shi ya fito yana share ido da hannun riga. Na gaishe shi, ya ce, 'Ashe kira na ta yi don ta wulaƙanta ni.' Ya tayar da babur ya tafi."

Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Mati bai yi laifi ba. Abin da aka koya mana tun muna yara shi ya yi: ka yi sallama sau uku, in ba a amsa ba ka juya. Yana kallon yayarsa tana murmushi, ya san ko makanta ba ta hana ta gane muryarsa. Ina zai san akwai wasu ƙwayoyi biyu a ƙarƙashin ɗankwali?

Na koma na zare su daga kunnenta, na ɗora hannunta a kan ƙwaryar. Ta shinshina man.

"Wannan na Mashi ne. Yana ina?"

Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Sau nawa ya yi sallamar?"

"Sau uku, Iya."

Maigidana ya kira lambar Mati, a kashe. Ya hau babur har Mashi, aka ce ya tsallaka Nijar da garken tumaki, sai bayan mako. Na kira Munzali, na wanke shi tas. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ai akwai wurin da ake dannawa a riƙa jin waje." Na ce, "Makauniya za ta danna? Da kake ɗaukar hoto me ya hana ka nuna mana?" Na kashe wayar kafin bakina ya ja mini zunubi.

Da yamma na shiga kasuwa na sayo mai igiya, na datse kunne ɗaya, na kai mata. Ta shafa shi, ta miƙo mini.

"Rataye shi a ƙusa. Yanzu kunnuwan duka biyu na Mati ne."

Kwana huɗu ta yi a haka, ba rediyo, ba karatu, fuskarta tana fuskantar ƙofa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai. Ranar Asabar bayan azahar ta riƙe hannuna ta bar mini saƙo, ta sa na maimaita mata shi. Kafin la'asar ta cika.

Mati bai samu jana'iza ba. Ranar addu'ar uku ya iso, rigarsa duk ƙurar hanya. Maigidana ya riga ya yi masa bayani a zaure. Ya shigo tsakar gida kansa a sunkuye, mata suka dare masa hanya, Munzali na biye da shi ya kasa ɗaga ido. Ya tsaya daidai inda ya ajiye ƙwaryar nan, ya dubi ɗakin da babu kowa a ciki.

"Salamu alaikum," ya ce.

Na miƙe. "Baba Mati, ta ce in ka zo in amsa maka a madadinta. Ta ce guda uku kake bin ta."

Na amsa ta farko, na amsa ta biyu. A ta uku muryata ta karye, sai matan da ke zaune suka ƙarasa tare da ni.

Ya cire takalmansa, ya zauna a gefen tabarmarta, bai hau tsakiya ba. A saman kansa iyafis ɗin nan mai kunne ɗaya yana rataye a ƙusa, iska tana ɗan kaɗa igiyarsa.