Ranar da Aka Kai Labarin Suhuyini Sau Biyu

Mijina Suhuyini makanikin babur ne a unguwar Kalpohin, ni kuma koko nake sayarwa kusa da shagonsa. Sunana Lamisi. Cocinmu ƙarami ne, da Hausa muke sujada, don kowa da yarensa ya zo. Mutum biyu ne ke tsayawa a gabanmu. Akwai Fasto Ziblim, akwai kuma Maltiti mai wa'azi.

Fasto Ziblim bai iya wa'azi ba, shi ma ya sani. In ya hau bagadi, tsofaffi su fara gyangyaɗi, yara su fita wasa. Amma ya san wanda matarsa ta yi fushi ta tafi, ya san wanda ya daina shan maganin hawan jini. Maltiti kuwa ba ta san gidan kowa ba. Da asuba take rataya lasifika a kafaɗa ta bi tituna, kuma in ta buɗe baki sai ka tsaya ko kana sauri. A bakin titi Suhuyini ya ji ta shekarun baya, ya bi Yesu. Yakan ce Maltiti ce ta ba babur ɗinsa wuta, Fasto kuma shi ke duba mai da birki kullum don kada ya faɗa kwata.

Dangin mijina Dagomba ne, Musulmi, a unguwar Aboabo gidansu yake. Da ya zama Kirista, yayansa Andani ya daɗe bai amsa gaisuwarsa ba. Fasto ne ya yi ta zuwa gidan. Ya je barka da salla, ya je suna, ya ɗauki uwarsu Mma Sala a babur zuwa asibiti lokacin da ƙafarta ta kumbura. Bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki a zaurensu ba. A hankali ƙofar ta buɗe, har 'ya'yanmu suna zuwa cin tuwon kakarsu.

Suhuyini ya faɗi a shago da yamma, ya cika a asibiti gab da asuba. Fasto yana gefena. Wata 'yar mawaƙanmu ta kira Maltiti a waya ta gaya mata. A lokacin Maltiti tana kan titin Aboabo, lasifika a kunne. Kuka ya kama ta, ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, ɗan'uwanmu Suhuyini makaniki ya tafi wurin Ubangijinsa yanzu yanzu! Kai da kake jina, ka shirya?"

Mma Sala tana alwala a tsakar gida ta ji sunan ɗanta.

A wurin Dagomba ba a jin mutuwa a titi. Manzo ake aikawa da goro wurin babban gida, ya durƙusa, ya fara cewa jikin wane ya yi tsanani, sannan ya ce ya tafi. Babba ne zai shiga ya gaya wa uwa. Ko ni da ba Badagomba ba na san wannan. Maltiti a Kumasi ta girma, ba ta zauna da tsofaffi ba.

Gari na wayewa Andani ya zo gidanmu. Bai sauka daga babur ba.

"Lamisi, kun yi shelar ƙanena kamar akuyar da ta ɓata. To tunda ku kuka yi shela, ku binne abinku. Ƙafar kowa daga gidanmu ba za ta taka wurin ba. Ki gaya wa 'ya'yanki ma haka."

Ya juya ya tafi. Mutuwar dai zan iya ɗauka, don na san inda mijina ya je. Amma a sa shi a ƙasa ba ɗan'uwansa ko ɗaya a bakin rami, kamar baƙon da ya mutu a tasha, wannan ban yarda ba.

Maltiti ta iso idonta ja wur. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Lamisi, bari in je in yi musu bayani. Zan nuna musu a Littafi cewa ba mugun labari na kai ba."

Na ce, "Maltiti, zauna. Bakinki ne ya kawo min mijina coci, ban manta ba. Amma yau ba ranar baki ba ce. Ki ajiye min maganarki zuwa Lahadi, zan buƙace ta."

Kuma na buƙace ta. Ran Lahadin da ta yi wa'azi a kan Li'azaru da Yesu ya tayar daga kabari ne na fara jin numfashina ya sauka har ciki. Amma wannan daga baya ne.

Dattawan coci suna ta shawarar a ajiye gawa a firij, a buga hotuna, a kafa rumfar jana'iza a ƙarshen wata yadda ake yi yanzu. Fasto ya bar su suna yi. Ya zo ya tsuguna gabana ya ce, "Maman yara, in dangin mijinki sun ce a binne yau yadda suka saba, kin yarda?"

Na ce na yarda, muddin da sunan Yesu za a sa shi a ƙasa.

"Sunan Yesu kam ba zan bari a cire ba," in ji shi.

Ya sayi goro, ya naɗe a ganye. Na ce zan bi shi. Mata suka ce mai takaba ba ta fita, na ce takabar ta jira ni in dawo.

A Aboabo na shiga wurin mata, Abibata matar Andani ta shimfiɗa min tabarma kusa da bangon zaure. Mma Sala tana ɗaki, ba ta fito ba. Daga inda nake ina jin komai. Fasto ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi ta gaisuwa, dattawa suna amsa "Naa, naa" a daƙile. Andani bai ce masa ya zauna ba. Fasto, mutum mai ciwon gwiwa, haka ya tsaya a durƙushe har rana ta shigo zauren.

Sannan ya ajiye goron ya ce, "Yaya Andani, an aiko ni. Jikin ƙanenka Suhuyini ya yi tsanani."

"Fasto, kada ka raina mana hankali. Mun ji a lasifika."

"Ba ku ji ba, Yaya. Hayaniya ce ta wuce a titi. Ba wanda ya zo gidan nan ya gaya muku. Yanzu ne aka aiko ni."

Wani tsoho, kawunsu, ya yi gyaran murya ya ce, "To manzo, muna jinka. Yaya jikin nasa?"

"Kawu, mun yi iya ƙoƙarinmu. Ya tafi."

Sai na ji Andani ya fashe da kuka, irin kukan da namiji ke yi da hannu a baki. Dattawa suka yi salati. Kawun ya ɗauki goron ya raba. Andani ya tashi ya wuce ta gabana, ya shiga ɗakin uwarsa ya gaya mata da bakinsa. A lokacin ne Mma Sala ta saki kuka, matan gida suka kama. Tun asuba ta riƙe shi a ciki.

Da Andani ya dawo zaure ya ce, "Yau za a binne."

Fasto ya ce, "Yau, bayan la'asar, in kun idar da salla."

"Wa zai yi magana a kabari? Mai lasifikar nan?"

"A'a. Ita a coci za ta yi wa'azi ran Lahadi, mai so ya zo. A kabari ni zan yi addu'a, kuma da sunan Yesu zan yi, don a kansa ƙanenka ya mutu. Ba zan ɓoye maka ba."

Andani ya ce, "Kai dai an san ka, ko ka so ka tsawaita ba ka iyawa. Tashi ka zauna, kafin gwiwar nan ta sa mu binne mutum biyu."

Ya kira samarin gidan ya ce su ɗauki diga da shebur su tafi makabarta.

Ni na je kabarin, don mu Kirista mata suna zuwa. 'Yan coci suka tsaya gefe ɗaya, mutanen Aboabo da hulunansu gefe ɗaya. Maltiti tana cikin mata a baya, ta yi waƙa tare da kowa. Fasto ya yi addu'arsa, ya sarƙe a tsakiya kamar kullum, ya ƙarasa. Da aka zo saukar da akwati, Andani ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa kawunsu, ya shiga ramin da kansa ya karɓi wajen kai.

Da muka koma Kalpohin na tarar da Mma Sala zaune a ɗakina, Abibata ta kawo ta a keke mai ƙafa uku. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yata, tun jiya kin sa wani abu a bakinki?"

Na ce a'a. Ta ce wa Abibata ta buɗe kwanon, ta matsa min wuri a gefenta.